Shin Yin Shiru Yana Warkar da Raunin Zuciya?

An daɗe ana cewa wanda ya tsira daga haɗarin mota, gobara ko fashi, maganinsa ya yi shiru ya manta. A nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, har yanzu ana faɗar haka, kuma da kyakkyawar niyya.

Gaskiya ne mutane da yawa suna samun sauƙi cikin 'yan makonni. Amma idan mugun mafarki, firgita da ganin abin kamar yana sake faruwa suka wuce wata guda, likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukar hakan lalura ce mai magani, ba raunin imani ba. Direban da ya daina bin gadar da ya yi haɗari a kanta zai ji sanyi na ɗan lokaci, sai dai tsoron yana ƙara ƙarfi, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta samu damar gane cewa haɗarin ya wuce ba.

Kowa zai iya aunawa da kansa: ya riƙa rubuta yadda barcinsa da fargabarsa suke kullum, har mako 4. Idan babu sauyi, ya nemi likita, yana ci gaba da addu'a.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.