Gyaran Jikin Jitar Bes a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Jitata ta faɗi ta samu tabo. Me zan fara dubawa?

Ka fara gane ko fenti ne kawai ya taɓu ko katakon ne ya tsage. Jitar bes tana da nauyi, yawanci wajen kilo 4, kuma tsirkiyoyinta huɗu suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kusan kilo 80. Saboda haka ka sassauta tsirkiya, ka haska wurin da tocila, sannan ka ɗan danna gefe da gefe. Idan bakin tsagar yana buɗewa yana rufewa, katako ne. Idan bai motsa ba, fenti ne, kuma mafi yawan abin da ke tayar wa makaɗa hankali bai wuce nan ba. Siririn layin da ke fitowa a inda wuya ya haɗu da jiki sau da yawa a fenti ya tsaya.

Shin kowane fenti iri ɗaya ake gyara shi?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Lokacin da maƙerin jita Leo Fender ya fito da jitar bes mai suna Precision Bass a 1951, da fentin nitroselulos ake rufe jita, siriri ne mai saurin narkewa. Yawancin waɗanda ake kawowa kasuwanninmu yanzu fentin foliyuretan ne ko foliyesta, mai kauri da tauri. Ka ɗiga ruwan goge jan farce mai asiton a auduga, ka taɓa wani ɓoyayyen wuri kamar cikin ramin wayoyi. In fentin ya yi laushi, tsohon iri ne, kada ka kusance shi da supagulu, ka kai wa wanda ya iya. In bai nuna komai ba, kana iya ci gaba.

Yaya ake cike wurin da fenti ya ɓantare?

Ka goge wurin ya fita tas. Idan launi ya tafi har katako ya bayyana, ka nemi jan farce mai kama da launin, ka shafa kaɗan a cikin ramin, ka bari ya bushe sosai. Daga nan ka riƙa ɗiga supagulu da bakin tsinke, ɗigo ɗaya, ka jira ya ƙame, ka ƙara wani, har ya ɗan ɗara fentin da ke kewaye. Kada ka cika ramin a tashi ɗaya, saman zai bushe ciki ya zauna ɗanye. Ka bar shi ya kwana.

Washegari ka ɗauki sabuwar reza, ka naɗa salatif a gefunanta biyu ka bar tsakiya a buɗe, ka kankare tudun a hankali. Salatif ɗin shi ke hana rezar cin lafiyayyen fenti. Sai sanfefar ruwa, lamba 800, 1000, 1500, har 2000, a naɗe a kan ɗan katako mai shafaffen ciki, kana tsoma ta a ruwa. Ka ƙarasa da man goge fentin mota. Masu fentin mota a nan Sakkwato suna da duka biyun, kuma sun san aikinsu, ka tambaye su. Shawarata dai ka tsaya a kan tabon. Na fi son jita mai ɗan tabo a kan wadda aka bi duk fuskarta da sanfefa har ƙyallinta ya mutu.

To lotsawa fa, gaskiya ne tururi yana tashin ta?

Gaskiya ne, in katakon a buɗe yake kuma danne shi aka yi, ba yanke shi ba. Ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ka taɓa da bakin dutsen guga na 'yan daƙiƙoƙi, katakon zai kumbura ya taso. A kan fenti mai kauri tururin ba ya ratsawa, sai dai ya ƙona shi.

Idan katakon ne ya tsage?

Farin gam na kafintoci ake sa wa. Ka buɗe tsagar kaɗan, ka tura gam ciki da yatsa har ya fara fitowa, ka ɗaure da yankakkiyar robar tsohon tif, ka share abin da ya tsatso da danshin tsumma, ka bar ta awa 24 kafin ka ɗaure tsirkiya. Amma tsagar da ta ratsa ramin wuya ko ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe tsirkiya, wannan ba ta gida ba ce, domin nan ne duk nauyin yake. Sukurun igiyar ratayawa kuwa in ya kwance, tsinken sakace biyu da gam a cikin ramin sun wadatar.

Yanayin Sakkwato yana shafar aikin?

Ƙwarai. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana bushewa ƙarƙaf, katako ya tsuke, tsofaffin tsagogi su buɗe, alhali jita ta fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Supagulu da danshi yake kamawa, don haka a bushewar nan yakan ɗauki lokaci, ƙura kuma tana sauka ta manne a kai. Ka yi aikin a ɗaki a rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka kifa kwano a kan wurin da ka ɗiga. A watan Afrilu kuma, da zafi ke haura digiri 40, gam yana bushewa tun kafin ka gama ɗaurewa, sai ka yi da sassafe. Kada ka shanya jita a rana don ta bushe da wuri, kuma kada ka bar ta a but ɗin mota in za ka wajen biki ko situdiyo.