Sandunan riƙe aksul mai ƙarfe ɗaya

Aksul mai ƙarfe ɗaya shi ne wanda ya haɗa tayar dama da ta hagu a jikin dogon ƙarfe guda, duk abin da ya sami ɗaya sai ɗayar ta ji. Shi ne a bayan Hilux da akori-kura da manyan motocin da ke lodin hatsi a Dawanau, domin yana jure kaya da gargada. Motsi biyu kawai ake so ya yi: hawa da sauka, da kuma karkata idan taya ɗaya ta faɗa rami. Sauran huɗun dole a hana shi: matsawa gaba ko baya, zamewa gefe, juyawar da ke sa taya ɗaya ta riga 'yar'uwarta, da murɗawa lokacin tashi ko taka birki. Wannan shi ne aikin sandunan da ke ɗaure shi da shasi, kuma ingancinsu ya fi rataya ga tsawo da kwanciyarsu, ba kaurin ƙarfe ba.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne na Hotchkiss, inda sifirin mai falle-falle ke ɗaukar nauyi kuma shi ke riƙe aksul. Rauninsa sananne ne a garejojin Kano: idan ƙusar tsakiyar fallayen ta karye, aksul ya goce, sai a ga mota tana tafiya a karkace, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba.

Sifirin mai naɗi kuwa ba ya riƙe komai, sai an sa sanduna. A aksul ɗin baya na Land Cruiser 80, wadda ta fito a 1990, sanduna biyar ne: huɗu a miƙe, biyu sama biyu ƙasa, sai ɗaya a gicciye. Ta gicciyen ita ce sandar Panhard, sunan wani kamfanin motoci na Faransa. Kai ɗaya yana jikin shasi, ɗayan yana jikin aksul, don haka ba a miƙe take hawa da sauka ba, baka take zanawa, tana jan aksul gefe. Sanda mai tsawon milimita 1,000 da ke kwance daidai, idan aksul ya sauka milimita 100, zamewar milimita 5 ce kacal. Idan kuwa an ɗaga motar, wato an ƙara mata tsayi, har kan sandar ya riga ya sunkuya da milimita 100, irin wannan saukar za ta ja shi kusan milimita 15. Nan ne masu ɗaga mota suke yin kuskure. Maganin shi ne a ɗaga mazaunin sandar a jikin aksul har ta koma kwance. Sanda mai zare da ake ƙara wa tsawo tana maido da aksul tsakiya, amma ba ta gyara sunkuyawar.

Tsarin Watt, wanda James Watt ya yi wa rajista a 1784 don injin tururi, ya kauce wa wannan jan aksul gefe. Sanduna biyu ne masu tsawo ɗaya, daga dama da hagu, suna haɗuwa a bakin wani gajeren ƙarfe mai juyawa a tsakiyar aksul, sai tsakiyar ta riƙa hawa kusan a miƙe. Ford Everest na amfani da shi. Sai dai mahaɗansa biyar ne maimakon biyu na Panhard, wurin lalacewa ya ƙaru ke nan. Akwai kuma masu karkata sandunan sama biyu su yi siffar V, su riƙe gefe ba tare da Panhard ba.

A aksul na gaba lamarin ya fi tsanani. Sandar da ke tahowa daga akwatin sitiyari dole ta yi layi ɗaya da Panhard, tsawonsu ya kusa zama ɗaya, in ba haka ba kowane rami sai ya fizgi sitiyari. Bush ɗin Panhard, wato robar da ke cikin ramin kan sandar, idan ya cinye kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke sa gaban mota kakkarwa a kan gudu.

Murɗawar aksul tana shafar farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul. Ana so kusurwar kuros, wato mahaɗan da ke bakin farfela, na gaba da na baya su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce digiri 1, kuma kowace ta tsaya kusa da digiri 3 ko ƙasa. Da zarar sun saɓa, sai rawar jiki da cin kuros.

Wajen ɗauri, ba a ƙarasa matse notin bush ɗin roba mota na kan jak. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, domin wanda aka matse a rataye yana zama a murɗe, ya tsage da wuri. Mai sayen tsohuwar sanda a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya auna ta daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, ya gwada da ta ɗaya gefen, don bambancin 'yan milimita ya isa ya karkatar da aksul ya cinye taya. Wadda ta lanƙwashe canja ta ake yi, ba a gasa ta da wuta a miƙe.