Daga kururuwa zuwa lamba 18: waiwaye kan kiran gaggawa a Damagaram

Kafin waya ta zo, da maƙogwaro ake kiran gaggawa a Damagaram. In wuta ta tashi a Birni ko Zango, wani ya ƙwala ihu, "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!", maƙwabta su fito da tulu da bokiti. Ihun nan yana da wata fa'ida da har yau na'ura ke fafutikar kamowa: duk wanda ya ji shi ya san daga wane gida ya fito.

Gajerun lambobin da muke kira yanzu gadon Faransa ne: 17 ta ƴan sanda, 18 ta sojojin kashe gobara da muke cewa pompiye, 15 ta agajin likita. Wannan ta ƙarshen mutane da yawa ba su san ta ba sai a 2020, lokacin korona. A zamanin wayar girke ta Sonitel, tsohon kamfanin waya na gwamnati, lambobin na ofisoshi ne da gidajen manya. Talaka ƙafarsa ce wayarsa.

Salula ce ta canza lissafin. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, wasu kamfanoni suka biyo, har waya ta shiga aljihun ɗan kabu-kabu da mai tallar goro. Kowa ya iya kira. Sai dai wayar girke tana da adireshi, salula kuwa ba ta da shi. Mai kira cikin firgici sai ya shiga kwatance: bayan masallaci, kusa da famfo, gidan da ke da bedi a ƙofa. Masallaci nawa ne a unguwa ɗaya? A lungunan Birni kuma, ko an gane gidan, ba kowane lungu babbar mota ke shiga ba. Ga matsalar ruwa da garin ya daɗe yana fama da ita, ga tankokin mai da suka ƙaru a hanya tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011.

A Turai an tunkari matsalar gano wurin mai kira ta wayar kanta. Sun amince da lamba ɗaya, 112, tun 1991. Daga baya aka ƙirƙiro wata dabara a Ingila wadda da an danna lambar gaggawa waya za ta kunna GPS, wato na'urar gano wuri, da kanta, ta tura wa cibiyar karɓar kira wurin da mutum yake. Wayoyin Android sun samu wannan tun 2016. Ke nan waya da yawa a kasuwar Dole tana iya yi. Abin da ake buƙata shi ne cibiya mai kwamfutar da za ta karɓi saƙon, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da ke jin Hausa da Barbarci da Fulatanci, ba Faransanci kaɗai ba.

Sa ido kan kamfanonin waya aikin hukumar ARCEP ne, wadda ta gaji ARTP a 2018. Ita ke duba ingancin rezo, kuma a ganina nan ne iyakar hurumin nata: kira ya shiga ko bai shiga ba. Abin da ya fi damun mai gidan da ke ci da wuta shi ne abin da ya biyo baya. Minti nawa kafin a ɗauka, minti nawa kafin mota ta fito, kira nawa ne na yara masu wasa da suka toshe layi. Waɗannan alƙaluman su ya kamata a riƙa tattarawa unguwa-unguwa, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara, ana karanta wa jama'a a rediyo.