Waiwaye: Daga Yarjejeniyar Legas zuwa ficewar Nijar daga ECOWAS

Duk wanda ya zauna a majalisun Hausawa na Agege, ko Idi-Araba, ko ɓangaren 'yan albasa na kasuwar Mile 12, ya san cewa tun daga watan Yulin 2023 babu maganar da ta kai ta Nijar da ECOWAS, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, zafi. Mutanen Tawa da Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke kiran ƙungiyar da sunanta na Faransanci, wato CEDEAO, sukan ce gara da aka fita, tunda ƙungiyar da za ta yanke wa ɗan'uwa wuta ta kuma hana shi magani ba ta 'yan'uwa ba ce. Wasu kuma sukan tambaye su cewa idan gobe jami'in shige da fice ya tare su a kan hanya, da wace takarda za su kare kansu. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ba za a fahimci gardamar ba sai an koma inda aka faro, kuma a nan Legas aka faro.

A ranar 28 ga Mayun 1975 ne ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Legas wadda ta kafa ECOWAS, bayan Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo sun shafe shekaru suna tallata shawarar. Abin da masu gardamar yau suka fi mantawa shi ne, ƙasashe ukun da suka fice duk sojoji ne ke mulkinsu ranar da suka shiga: Seyni Kountche a Nijar, Moussa Traore a Mali, da Sangoule Lamizana a ƙasar da daga baya ta zama Burkina Faso. Manufar farko ta kasuwanci ce, wato a sauƙaƙa haraji da zirga-zirga tsakanin ƙasashen da Ingila da Faransa suka raba. Batun dimokuraɗiyya ya shigo ne daga baya, musamman a ƙarin yarjejeniyar Dakar ta 2001, wadda ta haramta karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki.

Ga talaka kuwa, abin da ECOWAS ta tsinana masa yana cikin yarjejeniyar 1979, wadda ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya kuma zauna har kwana 90. A kan wannan ne rayuwar dubban 'yan Nijar mazauna Legas take tafiya: masu gadi a gidajen Ikoyi da Surulere, 'yan ga-ruwa, 'yan canji, da fataken da ke sauke raguna a Alaba Rago duk lokacin layya. Gaskiya ne cewa Bahaushe ya san hanyar Ikko tun zamanin fataucin goro, tun kafin a san wani abu wai shi fasfo, amma yarjejeniyar ce ta mayar da wannan tsohuwar al'ada haƙƙi rubutacce.

Ko da haka, Najeriya da kanta ta sha taka wannan haƙƙi, kuma wajibi ne mu 'yan Najeriya mu amsa laifinmu. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasar, inda kusan mutum miliyan biyu suka fita, mafi yawansu 'yan Ghana, amma har da 'yan Nijar da Chadi masu yawa, jama'a suka yi ta cincirindo a tashar jiragen ruwa ta Apapa da iyakar Seme. A 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona a Sahel, har wasu mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. An sake rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa. Saboda haka, lokacin da takunkumin 2023 ya zo, miki ne aka fama.

A ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Kafin nan sojoji sun riga sun karɓi mulki a Mali a 2020 da 2021, da Gini a 2021, da Burkina Faso sau biyu a 2022. Bola Tinubu, wanda bai cika wata guda da zama shugaban ƙungiyar ba, ya kira taro a Abuja ranar 30 ga Yuli, aka bai wa sojojin kwana bakwai su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta katse wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa.

A ganina nan ne aka yi babban kuskure, domin an yi lissafin Abuja da Yamai, aka manta da Illela da Birnin Ƙonni, aka manta da Jibiya da Maraɗi. Iyakar ƙasashen biyu ta haura kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma akwai gidajen da uwa take wannan ɓangare, 'yarta tana aure a wancan. Shi ya sa Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi a farkon Agusta, aka kuma koma ga sulhu ta hannun Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, sannan Muhammadu Sanusi na Biyu da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka gana da Tiani. A waɗannan makonni na ga wani dattijo mai gadi, mutumin Tawa, yana zaune a kan benci da rediyonsa a kunne, yana lissafin cewa nairar da zai aika gida ta ragu da yawa idan aka canza ta zuwa sefa, ga shi kuma direban da ya saba kai masa saƙo ya maƙale a bakin iyaka. Da wani matashi ya tambaye shi ra'ayinsa, sai ya ce, “Ɗana, ni ba ruwana da wanda ke kan kujera, amma wanda ya kashe fitila a asibitin garinmu ba zan kira shi masoyi ba.”

Takunkumin bai dawo da Bazoum ba, illa ma ya bai wa sojojin farin jinin da ba su da shi a ranar farko. Ranar 16 ga Satumbar 2023 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kafa Ƙawancen Ƙasashen Sahel, wato AES, sannan ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar da ficewarsu, suna zargin ƙungiyar da zama 'yar amshin shatan ƙasashen waje da kuma ƙin taimaka musu wajen yaƙi da ta'addanci. ECOWAS ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, kwanaki kaɗan bayan Gowon ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a yi hakan, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sashe na 91 na yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya tanadi sanarwar shekara guda, don haka ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta koma ƙasashe 12.

Masu murna da ficewar su ma akwai tambayar da ya kamata su amsa. Lokacin da Birtaniya za ta bar Tarayyar Turai, an kira jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2016, kusan kashi 52 suka zaɓi fita, aka kuma shafe fiye da shekara uku ana ciniki kafin a rabu a Janairun 2020. A Nijar ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, babu kuma zaɓaɓɓiyar majalisa da ta zauna a kan batun, sanarwa kawai aka karanta a talabijin. Taron goyon baya a filin wasa na Yamai yana nuna fushin jama'a, amma bai isa ya maye gurbin tambayar manomin albasa na Galmi ko mai gadi na Legas ba. Haka nan, ƙasashen uku sun bar ƙungiyar da Najeriya ke jagoranta a lokacin, amma sun ci gaba da zama cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗi ɗaya, suna kashe sefa, kuɗin da ke ɗaure da yuro bisa lamunin Faransa. Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba, ita ce kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda a 2008 ta bai wa Hadijatou Mani gaskiya a ƙarar da ta shigar da gwamnatin Nijar kan bautar da aka yi da ita. Ɗan Nijar da hukuma ta zalunta ya rasa wannan ƙofa.

Ba wannan ne karo na farko da wata ƙasa ta fita ba, domin Muritaniya ta fice a 2000, ta kuma dawo a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa ba tare da ta sake zama mamba ba.

Halin da ake ciki shi ne, a ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su kuma bar mutane da kaya su wuce kamar da, har zuwa wani lokaci da ba a ƙayyade ba. AES ma ta ce 'yan ƙasashen ECOWAS za su shiga ba tare da biza ba, ko da yake ta fitar da nata fasfo, ta kuma sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ake shigo da su daga wajen ƙawancen. Ma'ana, abin da a da yake haƙƙi yanzu ya koma alfarma, wadda sanarwa guda za ta iya sokewa. Wannan ne ya fi damuna, kuma ina ganin mafita tana hannun ƙasashen biyu, tunda suna da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, ta ma girmi ECOWAS da shekara huɗu. Ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a watan Afrilun 2025 ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangare, kuma abin da mazauna Agege da Mile 12 ke buƙata daga irin wannan ganawa shi ne yarjejeniya rubutacciya tsakanin Abuja da Yamai, wadda za ta fayyace takardar da mutum zai riƙe, da tsawon zaman da aka yarje masa, da harajin da zai biya a kan buhun albasa idan ya iso Illela.