Farkon taɓin hankali: yadda yake kama namiji da yadda yake kama mace

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan ji daga iyaye a Agege da Idi-Araba a Legas idan na raka su asibiti ina yi musu tafinta. Magana ce a kan ciwon da likitoci ke kira saikosis, inda mutum zai fara jin muryoyin da babu su, ko ya kafe a kan zargin da ba shi da tushe. Sananne a cikin irinsa shi ne sikizofireniya, wanda a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun mutum kusan miliyan 24, wato ɗaya cikin 300.

Magani ya kwantar da muryoyin, amma yaron bai dawo yadda yake ba. Me ya rage?

Abu biyu, kuma su ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Na farko ni madugun ƙwaƙwalwa nake ce masa: ikon tsara aiki, riƙe abu a ka har a gama da shi, sauya dabara idan ta ƙi, da danne zuciya. Akasarin wannan aiki a gaban ƙwaƙwalwa yake, bayan goshi. Ɗauki saurayin da ke tsaron kwandunan tumatir na kawunsa a kasuwar Mile 12. Da can yana ciniki da mutum uku a lokaci guda, yana ƙirga canji, ido na kan ɗan dako. Yanzu idan mai saye ya sauya magana a tsakiya, ya ce a rage rabin kwando, sai ya tsaya da kuɗi a hannu kamar an dasa shi. Kawun ya ce lalaci ne. Ba lalaci ba ne.

Na biyu shi ne karantar mutane: gane fushi ko wasa a fuska da murya, da hasashen abin da wani ke nufi. Mu da rabin zancenmu habaici ne da shaguɓe da gatse, wannan rashi ba ƙarami ba ne. Abokin wasa ya tsokane shi, ya ɗauka gaba ce.

Ta yaya likita zai auna abin da ba a gani?

Da gwaje-gwaje masu kama da wasa. A wanda ake kira na Wisconsin, ana ba mutum kati ya ware su bisa launi ko siffa ko adadi, ba a faɗa masa doka, sai dai a ce daidai ko kuskure. Yana ganewa sai a sauya dokar a ɓoye. Mai matsalar madugu zai ci gaba da bin tsohuwar ko da ana ta ce masa kuskure. Wani gwajin, na Simon Baron-Cohen na Jami'ar Cambridge, hotuna 36 ne na idanu kawai, a ce ka faɗi halin da mai idon ke ciki. Akwai kuma na gajerun labarai, irin a ce baƙo ya shigo yana cewa rana ta yi zafi, a tambaye ka me yake so. Ruwa mana. Sai dai a Turai da Amurka aka tsara su, kuma ina ganin rashin adalci ne a yanke wa yarinyar da aka raina da sunkuyar da kai hukunci da hoton idon baƙo ba tare da la'akari da tarbiyyarta ba.

To, maza da mata sun bambanta?

A shekarun kamuwa, ƙwarai. Maza kan fara tsakanin shekara 18 da 25, mata kuwa su yi jinkirin 'yan shekaru, sannan wasunsu ya same su bayan 45, dab da ɗaukewar haila. Binciken Heinz Häfner a Jamus ya sa ana danganta wannan da kariyar estirojin, sinadarin jikin mata da ke raguwa lokacin ɗaukewar haila. Maza sun fi nuna janyewa daga mutane, mutuwar zuciya da ƙarancin magana. Mata sun fi zuwa da damuwa da baƙin ciki, kuma sun fi riƙe hulɗa.

A gwaje-gwajen kuwa tazarar ƙarama ce. A tsakanin lafiyayyu mata kan ɗan fi maza gane yanayin fuska da tuna kalmomi, wasu bincike sun ga ragowar wannan a marasa lafiya, da yawa kuma sun tarar da jinsin biyu kusan kunnen doki. Abin da ya fito fili shi ne dukansu suna bayan lafiyayyun tsararrakinsu tun a farkon ciwon. Shekarun ne ke yin ɓarna: wanda ciwo ya kama yana 19 bai gama koyon sana'a ba, bai yi aure ba, wadda ya kama tana 27 ta riga ta iya zama da mutane.

Ke nan na mata ya fi sauƙi?

A nan nake jan kunne. Iya gaisuwa yana ɓoye ciwo. Matar da za ta durƙusa ta ce "Baba, ina kwana" yadda ya kamata, ita ce a madafa ta zuba kanwa sau biyu a miya, ta bar tuwo ya kama, ta rasa ta ina za ta fara wanki. Shirunta a ce kunya, zarginta a ce kishi. Ga kuma taɓin hankalin jego, wanda ke samun mace ɗaya zuwa biyu cikin haihuwa 1,000, galibi a makonni biyun farko. Wannan na gaggawa ne, ranar za a kai ta asibiti. Wasu magunguna irin su risperidone da haloperidol kan tsayar da haila ko su kawo ruwan nono, sai mace ta daina sha a ɓoye. A gaya wa likita, yana iya sauyawa.

Na maza ba wiwi ne kawai ba?

Wiwi mai ƙarfi yana ƙara haɗarin, kuma maza sun fi shan sa. Amma da yawa ba su taɓa sha ba.

A Legas ina za a nufa, kuma me za a yi a gida?

Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, wanda yake nan tun 1907, da sashen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙoƙin mara lafiya. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita, kuma yawan jinkiri kafin fara magani yana sa warkewa ta yi wuya.

A gida a rage habaici, a faɗi magana kai tsaye. Aike ɗaya a lokaci ɗaya: "Je ka sayo gawayi", idan ya dawo sannan a ambaci mai. Saurayin Mile 12 a fara ba shi kwando ɗaya da farashi ɗaya, kawunsa na zaune kusa, wata mai zuwa a ƙara masa na biyu.