Misofoniya: me ya sa ƙarar tauna ke tafasa zuciyar wasu mutane?

Mece ce misofoniya?

Lalura ce da ke sa mutum ya ji fushi mai tsanani ko ƙyama idan ya ji wasu ƙananan sautuka, kamar taunar goro ko cingam, kurɓar shayi, tanɗar baki, jan majina, har ma numfashin wanda ke zaune kusa da shi. Masu bincike biyu a Amurka, Pawel Jastreboff da Margaret Jastreboff, su ne suka raɗa mata wannan suna a shekarar 2001 daga kalmomin Girkanci masu ma'anar ƙin sauti. Galibi takan fara ne a ƙarshen ƙuruciya ko farkon balaga.

Shin ƙarfin ƙarar ne ke jawo ta?

A'a. Mai wannan lalura zai iya wuni a Babbar Kasuwar Yamai cikin hayaniyar babura da janareta bai damu ba, amma da ya zauna a fada aka miƙa wa abokinsa kofin shayi ya fara kurɓa, sai zuciyarsa ta shiga bugawa, gumi ya keto masa. Wanda kowace ƙara mai ƙarfi ke sa wa kunne ciwo, tasa lalurar daban ce.

Ba dai rashin haƙuri ko girman kai ba ne?

Haka akan ɗauka a gidajenmu, kuma nan ne wahalar take. Inda ake cin tuwo a kwano guda, yaron da ya tsame hannu ya tashi sai a ce ya raina abincin gida ko yana ƙyamar ƴan'uwansa, wani lokaci ma a danganta abin da iska. Abin da ke ƙara dagula al'amarin shi ne sautin na kusa, uwa ko miji ko ƙane, yakan fi na baƙo ɓata rai, ga kunya ba ta barin ɗa ya ce wa mahaifinsa taunarsa na damun sa. Sai dai a shekarar 2017, Sukhbinder Kumar da abokan aikinsa a Jami'ar Niyukasul ta Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu lalurar, suka ga wani sashe da ke haɗa abin da kunne ya ji da motsin rai yana aiki fiye da ƙima da zarar an kunna waɗannan sautuka, bugun zuciya kuma yana ƙaruwa. Wato jiki ke zabura tun kafin mutum ya yi shawara da kansa.

Akwai magani?

Har yanzu babu ƙwayar da aka amince tana warkar da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta saka ta a kundinta na cututtuka ba. Abin da likitoci a Amsterdam suka gwada ya sauƙaƙa wa wasu shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, a koya wa mutum karkatar da hankali da kwantar da jiki. Yana da kyau a fara da likitan kunne don a tabbatar babu wata matsalar ji.

A gida fa, me za a yi?

A kunna rediyo ko fanka lokacin cin abinci domin ƙarar taunar ta ɓace a ciki, a kuma bar mai lalurar ya zuba nasa a kwano daban ba tare da gori ba. Toshe kunne dare da rana ba dabara ba ce, domin yakan sa kunnen ya ƙara tsargewa. Idan maganar ta yi masa nauyi a gaban iyaye, sai ya bi ta hannun gwaggo ko kawu su isar da ita a madadinsa.