Kafin ka kai motarka a ɗaga ta don shiga daji, ga abin da doka ta ce

Da damina ta kankama sai ka leƙa Panteka a Kaduna ka ga Hilux da Pajero da tsofaffin Land Cruiser sun yi layi gaban masu walda, wannan so yake a ɗaga masa ita, wancan a ƙera masa bamban ƙarfe, wani kuma kariya yake so a sama wadda za ta ɗauki buhu goma. Ni ma cikinsu nake, don gonarmu tana can bayan Kujama, kuma da ka sauka daga kwalta ba burji ba komai sai jar laka da rafi biyu, idan motarka ba ta da ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, to a watan Agusta sai dai ka ajiye ta ka hau babur. Saboda haka ba hana kowa gyaran mota na zo yi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke kashe miliyoyi a ƙarfe amma takarda ɗaya ta gagare mu, mun manta motar nan kafin ta taka daji sai ta bi Kachia Road tare da keke napep da 'yan makaranta.

Babu dokar da ta ce kada ka ƙara wa motarka ƙarfi. Abin da doka ta tsaya a kai shi ne motar da ke kan titi ta zama ita ce aka rubuta a takarda, kuma kada ta zama haɗari ga wanda ke cikinta ko wanda ke wajenta. Babban kundin da ake dubawa shi ne ƙa'idojin zirga-zirgar titi na ƙasa na 2012, waɗanda suka fito ƙarƙashin dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007, wato 'yan rodi sefti da aka kafa tun 1988. A cikin gari kuma ga 'yan KASTLEA, masu kula da dokokin titi na jihar Kaduna, da dokar jiha, ga 'yan sanda, ga kwastan idan maganar shigo da mota ce. Kowa da ɓangarensa.

Mu fara da sayen motar tukuna, don nan mutane suka fi faɗawa rami. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 zamanin Gowon Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma ƙa'ida ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ko a hau titi da ita ba. To motocin daji masu araha da yawa daga Japan da Ingila suke fitowa, sitiyarinsu a dama, sai a juya shi a wani gareji kafin ta iso hannunka. Idan aka yi juyin da kayan asali ba laifi, amma na ga wadda aka yanke sandar sitiyari aka haɗa da walda, abin da rayuwarka ta rataya a kansa kenan a kan gangara. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila kafin ka biya kuɗi. Ka duba waifa ta wane gefe take kwanciya, don tana iya nuna maka ko juya sitiyarin aka yi. Kuma fitilun gaba na irin waɗannan motoci an ƙera su ne su jefa haske gefen hagu, a titinmu kuwa hagu idon mai tahowa ne, dole a canza su.

Sai kwastan. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa, kuma motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa ba ta cikin waɗanda aka yarda a shigo da su. Land Cruiser ɗin nan da muke kira 80, wadda kowa ke mafarki, tsakanin 1990 da 1997 aka yi yawancinsu, to idan dillali ya ce maka "Alhaji sabuwar sauka ce, ko lamba ba a sa mata ba", ka tambaye shi ta ina ta sauka. Gara ka sayi wadda ta daɗe a gida da rajistarta da takardar kwastan ɗinta, ka tsuguna ka karanta lambar shasi da idonka ka haɗa da ta takarda harafi bayan harafi.

Yanzu wurin da na fi so a saurare ni, canjin inji da canjin fenti. Ƙa'ida ta ce idan ka canza injin mota ko launinta, sai ka sanar da ofishin lasin an gyara bayananka, a nan Kaduna kuwa harkar rajistar mota tana hannun hukumar tara haraji ta jiha. Kusan babu mai yi. Wani abokina da muke noma tare ya cire injin fetur ɗin motarsa ya sa na dizal da ya saya a kasuwar kayan mota ta Oriakpata, aiki ya yi kyau sosai, motar tana hawa tudu kamar ba ta ɗauko komai ba. Wata huɗu bayan haka muna dawowa da masara aka tsayar da mu a shinge, jami'in ya ce a buɗe bonet, ya goge lambar injin da tsumma ya haska da wayarsa, ya kalli takarda ya kalli inji. "Malam, wannan ba injin motar nan ba ne." Abokina ya ce ranka ya daɗe canzawa na yi, aka ce ina rasit, babu. Kwana biyu motar ta yi a ajiye da masarar a bayanta sai da aka nemo wanda ya sayar da injin ya zo da littafinsa. Kuma ni ban ga laifin jami'in ba ko kaɗan, don ɓarayin mota haka suke yi, su farke ta su sayar da inji daban bodi daban, lambar nan ita kaɗai ce shaidar da mai mota yake da ita. Duk ranar da ka sayi inji ka sa a rubuta lambarsa a jikin rasit, ka ajiye tsohon rasit ɗin ma, ka je a gyara takarda kafin ka fara yawo.

Fenti kuma akwai wanda ko ka sanar ba za a yarda ba. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula amfani da mota mai koren launin soja, tana nan ba a soke ta ba. Samari suna ganin hotunan motocin daji na Turai da Amurka an yi masu kore marar sheƙi ko zanen kakin soja sai su kai wa mai fenti. A garin da ke da hedikwatar runduna ta ɗaya ta soja da makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ga Jaji ga barikin Kachia, wallahi neman fitina ne. Kuma ka tuna halin da ƙauyukanmu suka shiga shekarun nan, mota mai kamar ta soja da baƙin gilashi ta ɓullo daga daji da yamma, mata su bar tulunansu a rafi su watse, ko 'yan sa-kai su tare ka kafin ka buɗe baki.

Shi ma baƙin gilashin dokarsa ta 1991 ce, ta hana sa duhun da zai hana a ga na ciki sai da izinin 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2025 'yan sanda suka dawo da maganar neman izinin ta intanet, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta garzaya kotu, aka yi ta ɗage ranar fara kame. Duk da rigimar, ita dokar tana nan. Ni dai na ɓare baƙar ledar gilashin motata, don da daddare a daji so kake ka ga kututture ta gilashin gefe.

Fitila. Nan kam raina yana ɓaci in faɗi gaskiya. Doguwar farar fitilar nan da ake ɗaurawa saman rufi ko kan bamba tana da amfani a daji, ni ma ina da ita, ita ta taɓa nuna min gadar katako da ruwa ya cinye gefenta. Amma a kan kwalta makami ce. Wata rana ina tahowa daga Zariya wajen Maraban Jos wani ya kunno min ita, na yi dim na yi dim bai kula ba, daƙiƙa uku ko huɗu ban ga komai ba sai fari, da idona ya dawo sai ga mai kura da kaya a gefen titi taku kaɗan daga bambana. Ƙa'ida ta hana hasken da zai kashe wa mai tahowa ido, kuma laifin fitila yana cikin jerin laifukan da rodi sefti ke yanka wa tara. Ka sa rewaya ya yi mata makunninta daban, kada ya haɗa ta da fitilar gaba, in da hali ka sa mata murfi sai ka sauka daga kwalta. Jiniya da fitila mai juyawa ja ko shuɗiya kuwa na motocin gaggawa ne da jami'an da doka ta lissafa, ba na mai zuwa gona ba.

Ɗaga mota da manyan tayoyi, nan ilimin ya fi tarar muhimmanci. Duk incin da ka ƙara nauyin motar ya ƙara hawa sama, a kwana sai ta riƙa jingina, idan akuya ta gitta ka murɗa sitiyari da sauri ita ce ke tuntsurewa. Inci biyu da sifirin da shakazoba na kirki ya wadatar ga yawancin hanyoyinmu, amma cusa guntun ƙarfe ko ƙara ganyen sifirin na tsohuwar tifa ba tare da an duba tiyon birki ya kai tsawo ba, wannan shi ake kira mota marar lafiya, kuma tuƙa ta laifi ne ko da takardar lafiyar motar tana aljihunka. Ita takardar shaida ce ta motar da aka duba ranar, ba wadda ka sake ginawa bayan wata biyu ba. Taya kuma, Hilux mai 265/65 R17 tsayin tayarta kusan inci 30 da rabi ne, ka sa mata mai inci 33 ka ƙara wajen kashi 8 cikin 100, maleji yana nuna maka 100 kai kuwa 108 kake yi, alhali iyakar motar gida 100 ne a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Birki ma ya ƙara wahala. Sannan tayoyin lakar da ake samu da araha yawanci Baljiyam ne, an hana shigo da su, kuma rodi sefti suna lissafa shekara huɗu ne daga ranar ƙerawa. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Haƙoranta na iya zama kamar sabbi robar kuwa ta bushe.

Bamban ƙarfe yana kare lagireto daga kututture, gaskiya ne, amma motar zamani an yi gabanta ne ya lotse ya shanye bugu, jakar iska ma da wannan lissafin take fashewa. Ka ɗaura mata bututun borehol sai bugun ya wuce kai tsaye jikin mutum. Indiya ta hana irin wannan ƙarfen tun ƙarshen 2017 saboda masu tafiya a ƙasa. In dole sai ka sa, to kada a bar ƙaho ko kaifi, kuma kada shi ko winci ko safaya su rufe lamba, don rufe lamba laifi ne mai zaman kansa, har lakar da ta toshe ta ka wanke kafin ka shigo gari. Kada kuma ka manta duk ƙarfen nan daga cikin nauyin da aka yarje wa motar yake ci, Hilux wajen tan ɗaya take ɗauka har da kai da yaranka, buhun masara goma ya riga ya cinye.

Inshora ta dole tun Janairun 2023 naira 15,000 ce ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3. Mai babbar inshora, wadda ke biyan har ɓarnar motarsa, shi kuma ya rubuta wa kamfaninsa duk abin da ya canza, in ba haka ba ranar biya za su kafa hujja da shi.

Dajin ma da masu shi. Filin da ka hango ba shinge gonar wani ce, citta ce a ƙasa ba ta tsiro ba, ko burtalin shanu, ka bi ta kai da tayar laka ka shiga hurumin kundin laifuffuka na jihar Kaduna na 2017, shiga ba izini da ɓarna, ga diyya. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari na gwamnatin tarayya ne, ba a shigarsa sai da izinin hukumar gandun. Masu ɗaura jarkokin mai a bayan mota kuma su tuna a 2021 gwamnatin jiha ta taɓa hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi irin su Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Igabi da Kajuru saboda masu kai wa 'yan bindiga, har yau jarka huɗu a hanyar daji tambaya ce da sai ka amsa a shinge. Ni jarka ɗaya nake ɗauka da rasit ɗin gidan mai, kuma duk sabon wurin da zan shiga sai na fara tsayawa ƙofar mai unguwa mun gaisa, na faɗa masa inda za ni da lokacin da zan fito, sau da yawa ma yaro yake haɗa ni da shi ya nuna min mashigin rafin da ba ya cin mota.